Dajin da Ba Shi da Takarda

Sa'ad da na ke yaro akwai wani tabki yamma da ƙauyenmu, a ƙasar Ɗanzomo. Ba wani babba ba ne. Ya kan cika da marka, ya riƙe ruwa har bayan an yanke dawa, sa'an nan ya ƙafe ya bar laka tana tsagewa. Amma a 'yan watannin nan da ya ke da ruwa kowa yana da rabo a cikinsa. Magina su ɗebi laka, Fulani su shayar da shanu a kan hanyarsu ta zuwa kasuwar Maigatari, mu yara mu yi ta tonon gaiwa. Da almuru kirinjijiya da ɗinya su kan sauka, zalɓe yana tsaye a gefe kamar mai gadi. A bakin tabkin akwai wata tsohuwar tsamiya wadda shamuwa ke yin sheƙa a kanta kowace shekara.

Wata shekara sai muka wayi gari an kewaye wurin da waya. Wani mai hali ne ya samo takardar mallaka. Dattawan gari suka yi shiri suka tafi ƙara. Ma'aikacin da suka tarar bai yi musu tsawa ba, ya ba su wurin zama, ya buɗe wata babbar taswira a kan tebur, ya bi ta da yatsa, ya ce, "Baba, ku duba da kanku. Nan babu tabki, fili ne." Suka ce tun kakanninsu a ke shan ruwan nan. Ya ce, "Ban ƙaryata ku ba. Ku kawo mini takarda." Ba su da takarda. Aka sare tsamiya aka yi gawayi, motar noma ta bi ta kan wurin, cikin 'yan shekaru rairayi ya cike ramin. Shanu suka rasa mashaya, suka fara ratsa gonaki, aka shiga rigimar da har yau ba ta mutu ba.

Magana ɗaya na ke so in yi da ku, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci kuka karɓi takardar shaida. A zamanin nan, wurin da ba a zana shi a taswira ba, a gaban hukuma kamar babu shi ne. Tabkunanmu da burtalanmu da 'yan kurmin da suka rage wa namun daji duk suna cikin wannan hali. Kadan ba mu tashi mun rubuta su da hannunmu ba, waɗansu za su zana ƙasar nan ba tare da su ba, mu kuwa a bar mu da cizon yatsa.

Darasi daga teku

Mai karatu zai yi mamaki in na ce masa daga teku na samo misalin da ya fi kama hankalina, alhali kuwa mu a ƙasar Gumel ko kogi ba mu da shi. To, a yi mini haƙuri kaɗan.

Akwai wata dabba a cikin teku wadda Larabawa ke kira hutu. Siffarta ta kifi ce, amma tana haihuwa, tana ba da mama kamar saniya, kuma dole ta riƙa tasowa bisa ruwa tana shaƙar iska. Mai irin wannan hali a ruwayenmu shi ne ayu, wanda masuntan Kwara da Binuwai suka sani. Bari mu kira ta giwar teku, ko da ya ke ta fi giwa girma nesa ba kusa ba. Wani iri nata yana zaune a gabar gabas ta Amurka da Kanada, tsawonsa ya kan kai ƙafa 50. An hana farautarsa tun 1935, amma duk da haka waɗanda suka rage a duniya ba su kai 400 ba. Abin da ke kashe su yanzu abu biyu ne: manyan jiragen ruwa da ke banke su, da igiyoyin masunta da ke sarƙe su.

Ku lura da wannan. Doka ta hana kisa, amma dabba tana ta mutuwa, gama matuƙin jirgi bai san inda ta ke ba. Sai waɗansu masana suka ɗauki aiki mai wuya. Tun daga 1980 su kan shiga ƙananan jiragen ruwa kowace shekara a wani mashigin teku na Kanada da a ke kira Fandi, suna neman dabbobin nan. Kowace tana da waɗansu tabbai a ka waɗanda ba irin na 'yar'uwarta ba, saboda haka a kan gane ta kamar yadda Bafulatani ke gane saniyarsa a cikin garke. Duk inda suka ga ɗaya sai su ɗiga alama a taswira, su rubuta rana da wata. Da shekaru suka taru sai ɗige-ɗigen suka nuna abin da ba wanda ya sani da: wurin da dabbobin suka fi taruwa su yi kiwo yana daidai kan hanyar da aka yanka wa jirage. Aka kai wannan taswira gaban masu jirage, da masunta, da gwamnatin Kanada, da hukumar jiragen ruwa ta duniya da ke Landan. A 2003 aka gusa da hanyar 'yan mil kaɗan. Ciniki bai tsaya ba, ba a kori kowa daga sana'arsa ba.

Labarin bai ƙare a nan ba. Ruwan teku ya yi ta ɗumi, abincin dabbobin ya ƙaura arewa, su ma suka bi shi zuwa wani mashigin inda ba a zana musu kome ba. A 2017 guda 12 suka mutu a ruwan Kanada kaɗai. Watau taswira ba a yinta sau ɗaya a naɗe a ajiye. Dabba tana tafiya, dole mai rubutu ya bi ta.

Irin wannan aiki yanzu ya game duniya. A 2016 masana suka taru a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, ƙarƙashin babbar ƙungiyar kare halittu ta duniya, suka fara zana wuraren da ke da muhimmanci ga dabbobin teku masu shayarwa a Bahar Rum: inda su ke haihuwa, inda su ke kiwo, da hanyoyin da su ke bi. Daga nan suka bi sauran tekuna, wuraren da suka zana sun haura 250. A watan Disamba na 2022 kuma ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka yi alkawari a birnin Mantiriyal na Kanada cewa kafin 2030 za su tsare kashi 30 cikin 100 na tudu da na ruwa.

Yanzu ku gwada. Mutanen nan suna aiki a kan ruwan da ba shi da itace ko dutse da za a yi alama da shi, suna neman dabbar da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Mu kuwa namu wuraren a tudu su ke, da ƙafa a ke zuwa, kowane tabki da sunansa, kowace kuka an san ta. Mene ne hanzarinmu?

Maƙwabtanmu na Haɗeja

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. A nan cikin Jihar Jigawa an yi irinsa. Gabas da mu, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa a cikin jigayi, akwai babbar fadamar da ta miƙe daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa. Da sanyi ya kama ƙasashen Turai, tsuntsayen ruwa su kan ƙetare Bahar Rum da hamada su sauka a can. An rubuta tsuntsu fiye da iri 300 a wannan fadama.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Waɗanda suka tsara su sun auna gonakin da za a shayar a Kano, amma ba su sa masunta da manoman shinkafa da makiyayan da ke ƙasa a cikin lissafi yadda ya kamata ba. Ga fari na 1973 da na 1984. Ambaliyar da ta kan rufe fadamar kowace shekara ta ragu ƙwarai. A 1987 aka kafa wani shiri na kare fadamar, aka fara auna iyakar ruwa, ana kuma ƙidaya tsuntsaye kowane watan Janairu. A ƙidayar 1997 an sami tsuntsayen ruwa sama da 300,000. Wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin kifi da itace da amfanin gona da fadamar ke bayarwa, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya gangara fadama ya fi kawo amfani, ninkin ba ninkin, bisa ga irin wannan ruwa in an tare shi a babbar gonar ban ruwa ta Kano.

Da aka sami ƙidaya da taswira, sai fadamar ta sami bakin magana. Akwai wata yarjejeniya ta kare fadamu da tabkuna da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A 2000 aka shigar da tabkin Nguru da mashigin Marma cikin littafinta, kadada 58,100. A 2008 aka shigar da dajin Baturiya na ƙasar Kiri Kasamma, kadada 101,000 da ɗoriya, watau wajen eka 250,000. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa.

Ban ce takarda ta warkar da fadamar Haɗeja ba. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masu saran itace ba su daina ba, ambaliya ta ci garuruwa a 2020 da 2022. Amma yau ba mai iya buɗe taswira ya ce wa mutanen Baturiya, "Nan babu kome, fili ne." Mu fa, a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wa ya taɓa ƙidaya tabkunanmu?

Masu cewa ana yunwa

Na san abin da za a ce mini, gama an sha faɗa mini a zaure da kasuwa. Na fari shi ne mai cewa, "Malam, mutane suna fama da abin da za su ci, kai kana zancen tsuntsu."

Ɗan'uwa, tabkin da ɗinya ke sauka shi ne wanda saniyarka ke sha. Kurmin da zomo da makwarwa ke ɓuya shi ne inda matarka ke samo itace da ganyen miya da magani. Ruwan da ya kwanta a tabki ba ya ɓata, sashinsa yana nutsewa ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, kuma duk wanda ya taɓa jan guga a ƙasar nan ya san zurfin rijiyarmu. Gawon da shamuwa ke sheƙa a kai shi ne mai zubar da ganye da damina ya taki gona, ya ba tumaki 'ya'ya da rani. Ba a raba gidan dabba da rumbun talaka, wuri ɗaya ne.

Su kansu tsuntsayen ma'aikata ne marasa albashi. Shamuwa fara da tsutsa ta ke ci a gonarka, in kaka ta yi ta tafi kudancin Afirka, bazara ta komo. Ungulu ita ce mai share mushe. Dattawa su faɗi gaskiya, yaushe rabonsu da ganin ungulu ta cika mahauta kamar da? Masu neman kanta da ƙafarta domin tsibbu sun kusa ƙare ta, har a 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke bakin halaka. Mushen da ta bari, karnuka da ƙuda ne suka gaje shi.

Wani zai ce, "To, jan-baki fa, mai cinye gero da dawa?" Gaskiya ne, wannan abokin gaba ne. Amma shi ma sai an san inda ya ke kwana da inda ya ke ƙyanƙyasa kafin a yi maganinsa. In ba a sani ba, sai a yi ta feshi a makance, a kashe mai laifi da marar laifi. Taswira ɗaya ce za ta nuna wanda za a tsare da wanda za a kora.

Masu tsoron tarko

Na biyu shi ne mai cewa, "Duk ran da aka auna ƙasa, talaka ne ke kuka." Wannan ba na raina maganarsa, domin tarihi yana bayansa. Tsakanin 1906 da 1908 Ingilishi da Faransi suka bi arewacinmu suna kafa turakun iyaka, suka raba dangi biyu, wa a Nijeriya, ƙane a Nijar, ba a tambayi kowa ba. A zamanin En'e malaman taki sun auna gonaki domin a yanka haraji. An yanki gandun daji, aka ci tarar mutane a kan itacen da kakanninsu suka raina. A zamaninmu ma mun ji kukan manoman ƙasar Gagarawa a kan filayen da aka yanka domin gonar rake. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma ku duba abin da ya haɗa waɗannan duka. A kowanne, wani ne ya riƙe alƙalami, mu muna kallo. Yau kuwa ba a bukatar izninmu kafin a auna mu. Tauraron ɗan Adam yana wucewa ta bisa kanmu yana ɗaukar hoton kowace gona. Hoton da aka ɗauka a watan Maris zai nuna tabki busasshe, mai dubawa a ofis ya rubuta "fili". Hoto ba ya faɗin cewa nan shanu ke sha, nan barewa ta kan haihu. Ƙin yin taswira ba zai hana a yi ta ba, sai dai a yi ta babu mu a ciki.

Har wa yau, taswirar mazaunin dabbobi ba doka ba ce. Su ma masu zana ta teku sun faɗa a fili cewa tasu ba ta hana kowa su ko wucewa, shaida ce kawai da a ke ajiyewa a gaban masu yanke shawara. Kuma keɓe wuri domin amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne gare mu. Kalmar hurumi ba Bature ya kawo ta ba. Kowane tsohon gari yana da huruminsa inda ba a noma, da burtali, da makiyaya, da mashaya. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi a kan hukuncin ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Abin da ya sake shi ne, da can kan dattijo shi ne taswira, kuma maganarsa ta isa shaida. Yanzu dattawan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tasa taswirar a ka, alƙali kuwa takarda ya ke tambaya.

Masu cewa an makara

Na uku shi ne mai cewa, "Ai ba sauran abin da za a tsare. Ina jimina, ina gwanki, ina gauraka?" Lalle an yi hasara. Wanda ya ji sunan garinmu zomo ne zai faɗo masa a rai, ga shi kuwa akwai yaran da suka yi wayo ba su taɓa ganin barewa ba sai a littafi.

To, ku ji labarin raƙumin dawa. Da can yana yawo daga Sanagal har tabkin Chadi. A 1996 waɗanda suka rage na irin Afirka ta Yamma guda 49 ne tak, a wajen garin Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Ba a cikin gandu su ke ba, a cikin gonakin mutane su ke kiwo. Aka ɗauki hoton kowanne, gama zanen jikinsu ba ya zama ɗaya, aka rubuta inda su ke zama da damina da inda su ke komawa da rani, gwamnati ta tsananta hana harbi, mutanen ƙauyuka suka sami aikin rakiyar baƙi. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka wuce 600. A 2018 aka ɗebi 8 aka kai su dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda aka daɗe da rasa su. Ƙasar Kure rairayi ce da gero da gawo kamar tamu. In 49 sun isa iri, to, makwarwa da zabon daji da bushiya da yanyawa da tsuntsayen tabki da suka rage mana sun fi ƙarfin a ce an makara.

Laifin ma'aikata

Kada ma'aikatan gwamnati su karanta wannan su yi murmushi, su ce laifin na mutanen ƙauye ne. Naku ya fi girma, gama ku aka ba amana da albashi. Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, ta yi dokar makiyaya a 1965. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Amma burtali nawa ne ke da turaku a yau? Gandun daji nawa ne ke nan a takarda, alhali in ka je sai ka tarar da riɗi da gero? Wa ya sa hannu aka yanka su? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Taswirar da aka zana a ofis, da Turanci, aka kulle a akwati, ba ta da amfani ga kowa sai gara. Wanda bai taɓa kwana a ƙauye da damina ba, ba shi da ikon cewa ga inda ruwa ke kwanciya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Jigawa tana cikin jihohin da a ke dashen itatuwa domin tare hamada, abu ne mai kyau. Amma ina hikimar dasa darbejiya dubu a gabas da gari, ana sare tsohon kurmin aduwa da ƙirya a yamma, domin ba wanda ya rubuta cewa yana nan? Muna roƙon ƙananan hukumomin nan huɗu da masarautar Gumel su karɓi abin da jama'a za su rubuta, su tura safiyo ya tabbatar, a kafa turaku, a buga taswirar da Hausa, a rataye ta a zauren kowane dagaci inda kowa zai gani.

Aikin da ke gabanka

Kai kuwa mai karatu, ga naka. Ba ya bukatar kuɗi, sai littafin rubutu da fensir da haƙuri.

Ka nemi iznin mai unguwa ko dagaci, ka tara waɗanda suka san daji: Sarkin Baka da maharbansa, Arɗo da makiyaya, tsofaffin mata masu itace da ganye, da masu magani. Yawancinsu ba su yi karatun boko ba, amma su ne malamai a wannan aji, kai magatakarda ne. Kada a bar Fulani a baya, gama taswirar da manoma kaɗai suka zana rigima za ta haifa.

Ku zana garinku a tsakiyar takarda, gabas a inda ta ke, ku fitar da hanyoyi. Sa'an nan ku sa kowane tabki da sunansa, a rubuta watan da ya ke cika da watan da ya ke ƙafewa, da wanda ke sha, mutum ko dabba ko tsuntsu. Ku sa burtali, ku auna faɗinsa da taki a wuri uku ko huɗu. Ku sa hurumi da makiyaya da kurmi, da manyan itatuwan da a ke sheƙa a kansu. Abin da ya ɓace ma a rubuta shi, a ce nan da akwai tabki, nan aka ga barewa ta ƙarshe a shekara kaza, bisa ga shaidar wane da wane. Kadan akwai yaro mai wayar hannu irin wadda ke nuna lambobin wuri, ku tafi da shi ya karanta lambobin a bakin kowane tabki, ku rubuta, gama da su safiyo ke aiki.

Ku kiyaye abu guda. Sheƙar ungulu da ramin dabbar da a ke nema ruwa a jallo, kada a sa su a takardar da za a rataye a zaure, don kada ku zama 'yan jagoran masu kashe su. Wannan a bar shi a littafi dabam wurin dagaci da malamin daji.

In an gama, a karanta wa jama'a a bainar kowa, mai gyara ya yi gyara, shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa, a sa kwanan wata. A yi kwafi uku: ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukuma, a karɓo shaidar cewa an karɓa. Sa'an nan a riƙa zagawa sau biyu a shekara, da marka da kuma cikin Janairu, ana rubuta abin da aka gani. Ku tuna da giwar teku da ta ƙaura ta bar taswirarta a baya.

Ban yi muku alkawarin cewa wannan takarda za ta rinjayi kowane mai hali a gaban shari'a ba. Amma dattawan ƙauyenmu da suka tafi ƙara hannu sake suka tafi. Da a ce a ran nan ɗaya daga cikinsu ya zaro littafi daga aljihu, mai kwanan wata na shekara goma da hannun dagaci da na Arɗo, da ma'aikacin nan bai ce musu fili ne ba. A lokacin ba mai iya rubutu a cikinsu. Yanzu akwai, kai ne. An koya maka rubutu domin ka karanta wasiƙarka da kanka, kada a cuce ka a awo da rasit. Ga wata cutar da ta fi waɗannan, gama kuɗi in sun tafi a kan sami waɗansu, amma tabkin da rairayi ya cike ba ya komowa. Tun ran gini ran zane. Kafin shamuwa ta komo bana, a ce garinku ya fara nasa littafi. Allah ya ba mu ikon yi, amin.